Samarin Katsina a Aikin Agaji: Su Ke Ɗaukar Kaya, Wa Ke Jin Shawararsu?

Duk shekara, kafin ruwan farko ya sauka a birnin Katsina, akwai aikin da ba ya jiran kwangila. Samari kan fito da shebur da manjagara da baro, su shiga magudanan ruwan unguwa, su fid da leda da yashi da sharar da ta taru tun damunar bara. Haka ake yi a Ƙofar Marusa, haka a Sabuwar Unguwa, haka a Rafindaɗi da Ƙofar Ƙaura. Ranar gyaran maƙabarta, a Ɗan Marna ko Ɗan Takum, su ke sare ciyawa su cike kaburburan da ruwa ya rufta. Da azumi su ke dakon kulolin kunu da ƙosai zuwa masallatai da asibitoci. Idan mai haihuwa ta zubar da jini cikin dare aka yi cigiya a WhatsApp, wanda ke hawa babur ya tafi ya miƙa hannu a ɗiba, galibi saurayi ne da bai kai shekara talatin ba.

Wannan duk Bakatsine ya sani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ya tsara aikin. Wa ya ce bana buhunan gero za a raba, ba kuɗin magani ba? Wa ya rubuta sunayen waɗanda za a ba? Wa ke riƙe da littafin kuɗi? A yawancin gidauniyoyi da kwamitocin unguwa da na masallaci, amsar ɗaya ce: manya sun zauna a zaure ko a ofis, sun gama magana, sannan aka ce a kira yara su zo su kwashe kaya. Idan an kammala, a ce musu Allah ya yi albarka. Addu'ar babba abin nema ce, kuma samarin na jin daɗinta. Sai dai ƙungiyar da ke amfani da ƙarfin matashi ta bar hankalinsa a waje, kanta take cuta, kuma talakan da aka taru dominsa shi ke kwana a ciki.

Da can samari na da sarkinsu

Ba a Turai aka fara ba matasa ragamar aikin al'umma ba. A ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Bature, kowane gari na da sarkin samari, kuma sarautar ba ta ado ba ce. Idan za a yi gayyar noma a gonar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko gyaran hanyar kasuwa, ko yaɓen masallaci, dagaci ko mai unguwa ba ya bin samari ɗaya bayan ɗaya. Sarkin samari yake kira ya faɗa masa buƙata. Shi kuma ya tara mutanensa, su tsayar da rana, su raba aiki, su nemo makaɗi, su ci tarar wanda ya ƙi fitowa ba da uzuri ba. 'Yan mata ma na da shugabarsu, su ke kula da ruwa da fura da abincin masu gayya. Manya ke faɗin abin da gari ke so, amma yadda za a yi shi yana hannun samari, kuma a nan yaro ke koyon shugabanci tun bai ajiye iyali ba.

'Yan uwanmu na Maraɗi, garin da sarakunan Katsina na dauri suka kafa mulkinsu a cikinsa bayan jihadi ya fitar da su daga birni a 1807, sun ga yadda wannan tsari ya zama na ƙasa baki ɗaya. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar a 1974, ya farfaɗo da Samariya, ya mai da ita ginshiƙin aikin raya ƙasa. Samari sun gina azuzuwa, sun dasa itatuwa, sun share garuruwa, an riƙa yin gasar wasanni da al'adu tsakanin jihohi. An yi aiki na gaske. Amma da yake gwamnati ce ta riƙe linzamin, Samariya ta koma reshen mulki, kuma da iskar siyasar jam'iyyu ta kaɗa a farkon shekarun 1990, sai ta yi sanyi. Darasin a bayyane yake ga Katsina ta yau: ƙungiyar matasan da aka ɗaure a jikin mai mulki, ranar da ya sauka ita ma ta sauka.

Addini ma bai hana ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura Mus'abu ɗan Umairu Madina ya koyar da mutane yana saurayi, ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu jagoran runduna alhali manyan sahabbai na cikinta. Halifa Abubakar ya damƙa wa Zaidu ɗan Sabitu aikin tattara Alƙur'ani yana matashi. A tarihinmu na kusa, Hassan Usman Katsina na da shekara 32 lokacin da ya zama gwamnan Jihar Arewa a 1966. Garin da ya haifi wannan bai kamata ya ji nauyin ba ɗan shekara 25 muƙamin ma'aji a kwamitin marayu ba.

Nauyin da ya ƙaru a kan birni

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne buƙata ta yi wa hannun masu bayarwa yawa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take yi, mafi yawanta yara da matasa. Hare-haren 'yan bindiga a Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sun kori iyalai da dama daga gonakinsu. Da yawa birni suka nufo. Ba a sansani suke ba, sun raɓe ne a gidajen dangi, a kangaye, a ɗakunan haya na bayan gari, inda jami'in da ke zaune a ofis ba zai taɓa ganinsu ba. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar abinci da sufuri, har magidancin da ke ba maƙwabci kwano ɗaya a da, yau shi ma nema yake.

Alƙaluman tamowa kaɗai sun isa su tayar da hankali. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a jihar tun 2021 kuma take kwantar da yara a Ƙofar Sauri da asibitin Turai 'Yar'aduwa, ta bayyana cewa a watanni shida na farkon 2025 ta kula da yara kusan 70,000 masu tamowa a jihar, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Babban abin da ke kashe irin waɗannan yara shi ne a makara kawo su. Gano yaro mai tamowa kuwa ba ya buƙatar digiri. Akwai ɗan zare mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. Idan ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, to a garzaya da shi asibiti. Budurwar da ta gama sakandare za ta koyi wannan a yini guda, kuma za ta shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, wanda namiji ba zai taka ba.

An taɓa gwada irin wannan aka ga amfaninsa. Yaƙin da aka yi da cutar shan inna bai yi nasara ba sai da aka ɗauki matan unguwa, waɗanda aka sani aka san iyayensu, suna bi gida-gida suna lallashin iyaye. Sarakuna da malamai sun buɗe ƙofa, matan nan suka shiga, har aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Takardar sunaye

Duk wanda ya taɓa shiga aikin rabon tallafi ya san cewa rigimar ba a wurin tara kuɗi take ba, a takardar sunaye take. Nan ne adalci ke tsayawa ko ya faɗi. Yadda aka saba, mai gidauniya ya ba kowane ɗan kwamiti kati goma ko ashirin, shi kuma ya ba wanda ya sani. Ba sai an yi mugun nufi ba: dattijon da ke fita daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kasuwa, waɗanda ke zuwa gaishe shi su ya sani. Mai iya zuwa gaisuwa kuwa ba lallai shi ya fi buƙata ba. Akwai bazawarar da ke lungu da marayu biyar, kunya ta hana ta fita. Akwai tsohon ma'aikacin da fansho bai isa ba, wanda zai gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layi. Akwai iyalin da suka gudo daga ƙauye, ba su da kowa a unguwar da zai ambaci sunansu.

Waɗannan gidaje samari sun san su. Mai sayar da ruwa a kura ya san gidan da aka daina sayen jarka biyu aka koma ɗaya. Yaron mai shago ya san wanda bashinsa ya yi wata uku. Malamar Islamiyya 'yar shekara ashirin ta san yarinyar da ta daina zuwa saboda ba ta da hijabi mai kyau. Ɗan acaɓa ya san gidan da aka kai mara lafiya asibiti aka dawo da shi don ba kuɗin magani. Wannan ilimi ne da ba ya cikin kowane ofis, kuma kyauta yake. Idan aka ce samari da 'yan matan unguwa su fara kawo sunaye, mai unguwa da liman su tantance, sannan wani daga wata unguwa ya bi ya duba, za a rage son kai ta kowane ɓangare, domin ido ya yi yawa a kan takardar.

Yadda ake rabon ma abin shawara ne. A watan Disamba na 2024 Najeriya ta ga abin takaici: yara 35 sun mutu a turmutsutsun wani taron rabon kyauta a Ibadan, kwanaki kaɗan bayan haka wasu suka mutu a Okija ta Jihar Anambra da kuma Abuja, duk a wurin karɓar abinci. Masu shirya tarukan alheri suka nufa. Tsarin tara mayunwata a fili ɗaya a buɗe ƙofa ɗaya shi ya kashe mutane. Matasan da ke tsayuwa a bakin ƙofa ranar rabo, su ake turewa, su ake zagi, su suka fi kowa sanin haɗarin. Da za a tambaye su, da yawansu za su ce a bar taron, a ɗora kaya a Keke Napep bayan sallar isha'i a bi gida-gida. Ba turmutsutsu, ba tonon asiri, kuma kuɗin hayar rumfa da kujeru da lasifika ya koma cikin buhu.

A nan dole a faɗa wa matasan gaskiya su ma. Wayar da ta sauƙaƙa musu tara gudummawa ita ce ta kawo ɗabi'ar ɗaukar hoton mabuƙaci. A tsayar da tsohuwa riƙe da ledar taliya, a ɗauke ta, a watsa a Facebook da TikTok. Masu yi na cewa hujja ce ga waɗanda suka ba da kuɗi. Ana iya kafa hujja da rasit, da hoton kayan, da shaidar mai unguwa, ba sai an nuna fuskar wadda jikokinta za su gani gobe ba. Maraya zai girma, hoton kuma yana nan.

Inda aka riga aka fara

Akwai wuraren da za a koya daga gare su a cikin garin nan. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, na Fityanul Islam, na Izala da aka kafa a 1978, suna da tsarin da yaro ke shiga yana ƙarami, a horar da shi, a ba shi muƙami, wata rana ya jagoranci wasu. Su ke tsare sahu a filin idi, su ke hidima a sansanin alhazai, su ke ɗaukar wanda ya faɗi a wurin wa'azi. Ƙungiyar Red Cross na koya wa matasa taimakon gaggawa. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ta hannun ƙungiyoyinsu irin su ta ɗalibai Musulmi, kan shirya ziyarar asibiti da gidan marayu da gidan yari da kuɗin da suka tara a tsakaninsu. Masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da aka kafa a 1973, na da ranar aikin raya al'umma a kowane mako.

Abin da ya bambanta ƙungiyoyin ɗalibai shi ne komai a hannunsu yake: su ke zaɓen shugaba, su ke tsara kasafi, su ke ba da bayani a ƙarshen zango. Rauninsu kuma shi ne gajeren zama. Shugaba ya kammala karatu ya tafi da lambobin waya da duk abin da ya koya, na baya su fara daga tushe. Gidauniyoyin manya na da ɗorewa da kuɗi da sunan da ake yarda da shi, ɗalibai na da ƙafa da sabon tunani. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a teburi ɗaya, ba a riƙa aron ɗalibai ranar taro kawai ba.

Uzurin manya

Dattawan da ke ɗari-ɗari ba su rasa hujja ba, kuma ya kamata a saurare su. Sun ga ƙungiyoyin samari da aka kafa da ɗoki suka watse a kan kuɗi. Sun ga wanda ya buɗe neman taimako da asusunsa na kansa, kuɗi suka shigo, bayani bai fito ba. Sun ga ƙungiyar taimakon marayu da ta rikiɗe ta zama ta tallan ɗan takara da zaɓe ya matso. Kuɗin sadaka amana ce, wanda ya ba da zakkarsa yana da haƙƙin ya san inda ta tafi.

Sai dai maganin wannan tsari ne, ba shekaru ba, domin an ga masu furfura ma da amana ta gagara. Asusu ya kasance da sunan ƙungiya. Kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku, babba da yaro a ciki. A riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata, a manna a bangon masallaci ko a tura a zauren WhatsApp. A wannan fanni matasan ma sun fi gwaninta, su suka iya kwamfuta, su suka iya ajiye lissafi a waya. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake yi wa ƙungiyoyi rajista a ƙarƙashinta, ba ta ce sai mai shekara hamsin zai zama ɗan kwamitin amintattu ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, shi ta hana. Ƙasar da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai zuwa 25 a dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, ba ta da dalilin hana mai irin wannan shekaru zama a kwamitin rabon hatsi.

Akwai kuma abin da ake mantawa: yawancin samarin nan ba su da aikin yi. Wanda ya yini yana dakon buhuna don Allah, da yamma shi ma sai ya nemi abin da zai ci. Ba shi kuɗin mota da abincin rana ba ya rage masa lada. Ba shi horo da takardar shaidar da zai nuna wurin neman aiki haƙƙinsa ne. Idan masu aikin alheri ba su ja shi a jiki ba, akwai masu jiransa: ɗan siyasar da ke neman 'yan rakiya, dillalin ƙwaya, da gungun ƙauraye da suka daɗe suna addabar unguwannin birni. Gwamnatin Katsina ta Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki matasa 1,466 a rukunin farko na rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, ta ba su amanar rayukan jama'a a bakin daji. Wanda aka yarda ya tsare gari, a yarda ya ba da shawara kan yadda za a ciyar da shi.

Waɗanda ake yi dominsu

Rukunin da aka fi mantawa su ne matasan da ake taimakon. Maraya ɗan shekara 16 da ake ɗinka wa shadda duk sallah, da wuya a zaunar da shi a tambaye shi me yake so. Wataƙila kuɗin jarrabawar kammala sakandare ne ke hana shi barci. Wataƙila so yake a kai shi Ƙauyen Sana'o'in Matasa ya koyi gyaran waya ko walda. Almajirin da ake kai wa bargo da sanyi, mai yiwuwa maganin ƙazuwa da wurin wanka ne damuwarsa, kuma gardin tsangayar ya fi kowa sani. Yarinyar da ta gudo daga ƙauye aka ba ta keken ɗinki, ba wanda ya tambaya ko tana da ɗakin ajiye shi, ko ta iya, ko sana'ar da ta taso da ita daban ce. Sau da yawa irin kayan nan a kasuwa suke ƙarewa, a ce mutane ba su da godiya, alhali ba a tambaye su ba tun farko. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanadi a ji ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, kuma kowace uwa ta gari ta san haka ba tare da ta karanta ta ba.

'Yan mata na buƙatar kulawa ta daban. Taron da aka sa bayan magariba a ofis, budurwa ba za ta samu izinin zuwa ba, sai a ce mata ba sa son shiga. A sa shi da hantsi a makarantar Islamiyya, a gayyaci uwa ɗaya ko biyu su zauna, za a ga cikar ɗaki. Mafi yawan masu karɓar tallafi mata ne da yara. Kwamitin da babu mace a ciki yana yanke hukunci ne a kan rayuwar da bai gani ba.

Yanzu akwai dama a hannu. Jihar na da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana da shirin raya al'umma da ya shafi mazaɓu 361, ga masarauta da hakimai da masu unguwanni da har gobe ake jin maganarsu. Kira gare su, da masu gidauniyoyi da kwamitocin masallatan Juma'a na birnin Katsina, shi ne kafin azumi mai zuwa kowane kwamiti ya ware kujeru ga saurayi da budurwa 'yan ƙasa da shekara talatin, waɗanda 'yan uwansu matasa suka zaɓa, masu ƙuri'a daidai da ta kowa, kuma a sa ɗayansu cikin masu sa hannu a asusu. Ku kuma samari, idan an ba ku kujerar, ku zo taro a kan lokaci, ku zo da rasit.